Famfon baho mai tsayawa a daɓe: abin da ya kamata a sani kafin a fasa makewayi a Ƙonni, Malbaza da Illela

Famfon baho mai tsayawa a daɓe dogon famfo ne da ke fitowa daga ƙasan makewayi, ya miƙe kamar sanda a gefen bahon wanka, ya lanƙwasa baki ya zuba ruwa a ciki. Ba ya jingina da bango, ba ya kuma manne da bahon. Bututun da ke kawo masa ruwa suna binne a ƙarƙashin siminti da karo, saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen shimfiɗa su ba ya gyaruwa sai an fasa daɓen. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tahoua, inda gidaje da yawa ginin laka ne ko laka da shafen siminti, inda kuma ƙarfin ruwan famfo ke hawa da sauka, abu uku ne ke yanke hukunci a kan wannan aiki: a auna ruwan gidan kafin a sayi kaya, a kafa gindin famfon a kan kankare, a gwada bututu kafin a rufe su.

Yadda yake

Tsawonsa daga daɓe zuwa baki yakan kai santimita 90 zuwa 110. Kashi biyu ne. Na farko gindi ne na tagulla ko baƙin ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙasa da noti, wanda bututun ruwan sanyi da na zafi ke shiga cikinsa. Na biyu gangar jiki ce da ake gani a waje, mai ɗauke da mariƙin buɗewa da rufewa, da bakin zuba ruwa, galibi kuma da ƙaramar shawa ta hannu, wadda a nan aka fi kira dush. A cikin kan famfon akwai mahaɗi da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi.

Asalinsa daga Turai da Amurka ne. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara yayin bahon ƙarfe mai ƙafafu huɗu da ake ajiyewa a tsakiyar ɗaki. Kamfanin Kohler na Amurka ya fitar da nasa mai farin shafe a 1883. Da yake irin wannan baho ba ya taɓa bango, sai bututu su taso masa daga ƙasa. Yau an fi yin bahon da roba mai ƙarfi, amma tsarin famfon bai sauya ba.

Abin da ya sa yake da amfani a ginin laka

A mafi yawan gidajen Adar da kwarin Maggiya, wanka da bokiti ake yi a makewayi da ke kusurwar gida. Masu gyara gida a Ƙonni, Tsarnawa, Galmi, Dogarawa ko Badagishiri, musamman waɗanda suka ga irin waɗannan kaya a Yamai, Sakkwato ko ƙasashen waje, su ne ke shigar da ruwa cikin ɗaki. A nan ne matsalar bango ke tasowa. Bangon laka ba ya riƙe noti, kuma idan aka sassaƙe shi aka binne bututu, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya jiƙa shi daga ciki. Shafen simintin da ke waje yakan ɓoye laimar har sai tubalin ya narke, shafen ya ɓaɓɓake, gindin bangon ya zauna.

Famfon da ya taso daga daɓe yana nisanta ruwa daga bango. Wannan ita ce babbar fa'idarsa a nan, fiye da kyan gani. Sai dai ya mayar da haɗarin ƙarƙashin ƙasa. Idan mahaɗar bututu ta yi yoyo a can, ruwan zai bi ta cikin cikon ƙasa ya kai ga harsashin ginin ba tare da kowa ya gani ba. A unguwannin da ke kan ƙasa mai yumɓu, wadda ke kumbura idan ta jiƙe ta tsage idan ta bushe, hakan na iya ɗaga daɓe ya fasa karo.

A fara da auna ruwa

A manyan garuruwa, kamfanin SPEN ne ke riƙe da kadarorin ruwa na gwamnati, kamfanin NDE kuma shi ne ke rarraba ruwa da karɓar kuɗi tun 1 ga Janairun 2024, lokacin da ya gaji SEEN. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, ƙaramin shato ne ke ba da ruwa, a ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma da wanda ta damƙa wa gudanarwa. Ko ta wace hanya ruwa ke zuwa, abin da ke gaban kwantar, wato na'urar da ke ƙidaya ruwan da aka sha, na masu ba da ruwa ne, ba a taɓa shi. Abin da ke bayanta, har da yoyon da zai faru a can, na mai gida ne, shi zai biya.

Ƙarfin turin ruwa ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. Duk tsayin mita 10 na ruwa yana ba da kusan bar ɗaya. Idan tankin gida na bisa rufi, mita huɗu daga ƙasa, bakin famfon kuma yana mita ɗaya, tazarar da ta rage mita uku ce, wato kusan kashi uku cikin goma na bar. Yawancin famfunan da ke da mahaɗi an ƙera su ne don ruwa mai bar ɗaya zuwa sama, sun kuma fi aiki daidai a wajen bar uku. Mai irin wannan tanki zai sayi famfo mai tsada ya ga ruwa na tsiyaya kamar daga bakin buta.

Ba sai da na'ura ake ganewa ba. A samu bokiti mai lita 20 da agogo, a buɗe famfon da ya fi kusa da makewayin, a ga minti nawa zai cika. Idan ya cika cikin minti ɗaya, baho mai lita 180 zai cika cikin minti tara. Idan ya ɗauki minti huɗu, bahon zai ci minti 36, ruwan zafi kuma zai huce kafin a shiga. A maimaita gwajin da asuba, da tsakar rana, da maraice, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Ƙonni ke wuce digiri 40 kowa kuma ke neman ruwa, ƙarfin yakan ragu. Wanda ya auna cikin sanyin Janairu kaɗai bai ga hoton gaskiya ba.

Idan ƙarfin ya gaza, hanya biyu ce. Ko a ɗaga tanki bisa dogon ƙarfe a kuma yi amfani da bututu mai faɗi, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi tsakanin tanki da makewayi. Ba a haɗa injin kai tsaye da bututun gari: yana janye ruwan maƙwabta, yana kuma iya tsotso ƙazanta ta wuraren da bututun titi ya tsage.

Sai kuma yawan ruwan. Bahon wanka na ɗaukar lita 150 zuwa 250. Lita 200 jarka takwas ce mai lita 25, ko wankan bokiti goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata. Wanda ke cika baho kullum zai sha lita 6,000 a wata, wato mita kubik shida, a kan wanka kaɗai, kuma kuɗin ruwa hawa-hawa ne: mai yawan sha yana fita daga matakin rahusa ya shiga mai tsada. Wannan lissafi ya kamata magidanci ya yi shi tun kafin ya kira magini.

Kayan aiki

Siminti ba abin nema da nisa ba ne a wannan yanki. Malbaza na da masana'antar siminti tun shekarun 1960, an ƙaddamar da sabuwa ta Malbaza Cement Company a 2019, akwai kuma wata a Badagishiri cikin gundumar Illela. A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar daminar wannan shekara, gwamnati ta rage farashin siminti a faɗin ƙasa. Kayan famfo kuwa galibi daga waje suke zuwa, ta Yamai da Maraɗi, ko ta iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya da ke jihar Sakkwato, wadda aka sake buɗewa a watan Maris na 2024.

Bututun da za a binne shi ne abin da ya fi muhimmanci. Bututun ƙarfe mai shafe yana tsatsa a ƙasa mai laima, yana kuma toshewa daga ciki. Bututun PVC na ruwan famfo, wanda ake haɗawa da gam, ya dace da ruwan sanyi kaɗai; zafin da ya wuce digiri 60 na lalata shi. Bututun PPR, mai launin kore ko fari, wanda ake haɗawa da na'urar narkarwa a zafin digiri 260, yana ɗaukar zafi da sanyi, mahaɗarsa kuma na zama jiki ɗaya idan aka yi ta daidai. Akwai kuma bututu mai lanƙwasuwa da ake sayarwa a naɗe, wanda ake iya ja tun daga waje har gindin famfo ba tare da mahaɗa ko ɗaya a ƙarƙashin daɓe ba. Shi ya fi aminci idan an same shi da kayan haɗinsa. Kada a rikita bututun PVC na ruwan famfo da siririn PVC na fitar da ruwan datti, wanda ba ya jure turi.

A gidan da ruwa ba shi da ƙarfi, a ɗauki PPR mai faɗin milimita 25 maimakon 20. A kuma duba zaren noti. Kayan da suka zo ta ƙasashe masu Faransanci ana rubuta musu 15/21 da 20/27, waɗanda suka zo ta Najeriya kuma rabin inci da kashi uku cikin huɗu na inci. Awo ɗaya ne, suna shiga juna. Famfon da aka ƙera don kasuwar Amurka zarensa daban ne: zai kama kamar ya shiga, daga baya ya yi yoyo. A buɗe kwali a shago, a gwada zaren, a tabbatar gindi da notinsa da robobin toshe yoyo duk suna ciki. A ɗaga famfon a hannu: na tagulla yana da nauyi, mai sauƙi kamar gwangwani ba ya daɗewa.

Awo kafin haƙa

Kada a haƙa rami sai baho ya iso gida. Awon da ke cikin takarda da na zahiri sukan bambanta da 'yan santimita, waɗannan kuma su ne ke sa ruwa ya zuba a leɓen baho maimakon cikinsa. A ajiye bahon inda zai zauna, a zana kewayensa da alli, a sa alamar ramin fitar ruwa, sannan a tsayar da famfon a gefensa a duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, bakin famfon ya shiga cikin baho sosai, ya wuce gangaren gefensa. Na biyu, bakin ya kasance sama da leɓen baho da santimita 10 zuwa 15. Wannan tazara ba ado ba ce: idan aka ɗauke ruwa alhali bakin famfo ko kan dush na nutse a ruwan wanka, bututu na iya tsotse shi ya mayar cikin ruwan sha. Na uku, wanda ke zaune cikin baho ya iya kai hannu ga mariƙi, famfon kuma kada ya tare hanyar shiga da fita. Na huɗu, a bar sarari tsakanin famfo, baho da bango, yadda tsintsiya da hannun mai gyara za su shiga.

A lissafa da kaurin sabon daɓe da karo. Gindin famfo na da alamar da ke nuna inda fuskar karo za ta tsaya. Idan ya nutse da yawa gangar jikin ba za ta kama shi ba, idan ya fito da yawa marfin ba zai rufe shi ba. Magini ya ja layin tsayin daɓe a jikin bango tun farko, kowa ya yi awo daga nan.

Idan makewayin a bene yake, a tuna da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Baho, ruwa da mutum tare suna iya wuce kilo 300 a ƙaramin wuri, kuma huda dakalin bene na iya yanke rodi. Wannan sai da shawarar injiniyan gini.

Matakan aiki

A rufe ruwa daga kwantar, a buɗe famfunan gida su tsiyaye. A yanka daɓe da injin yanka a bisa layin da aka zana kafin a sa guduma, don kada tsagewa ta bazu. A haƙa rami mai faɗin tafin hannu biyu, a nisanta shi daga gindin bangon laka gwargwadon iko. Inda dole bututu ya ratsa bango ko harsashi, a sa shi cikin wani bututu mafi faɗi, yadda motsin gini ba zai karya shi ba.

A shimfiɗa rairayi mai laushi a ƙasan ramin, a ɗora bututu, na zafi a hagu na sanyi a dama ga wanda ke fuskantar famfon, kamar yadda aka saba a ko'ina. A raba su da ɗan sarari. Bututun ruwan zafi yana miƙewa yana tsukewa, don haka a sa masa riga ta soso ko ta roba, kada siminti ya kama shi kai tsaye. A rage mahaɗa a ƙarƙashin ƙasa iyakar iyawa. A sa makullin ruwa guda biyu, na zafi da na sanyi, a waje inda hannu ke kaiwa, domin ranar da famfon ya lalace a rufe shi kaɗai ba tare da an hana gida duka ruwa ba.

Gindin famfon shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Sanda mai tsawon mita ɗaya, idan aka tura kanta, ƙarfin da ke sauka a gindi ya ninka sau da yawa, kuma mutane za su dafa ta wajen fita daga baho ko an hana su. Daɓen makewayi na gargajiya, ɗan siririn siminti a kan cikon ƙasa, ba ya riƙe wannan. A haƙa gurbi mai kusan santimita 40 a kowane gefe da zurfin 15 zuwa 20, a daddaɓe ƙasansa, a zuba kankare mai ƙarfi, irin na buhu bakwai na siminti a mita kubik ɗaya, da tsakuwa da rairayi masu tsabta. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai, musamman lokacin hunturu da bazara da iska ke busar da shi da wuri. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, don haka ba a huda shi a ɗaure noti washegari. Wajen ɗaurewa, a ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ta fuska biyu. Karkatar da ido ba ya gani a gindi tana zama babba a saman sanda.

Kafin a haɗa bututu da gindi, a saki ruwa ya wanke su, ya fitar da rairayi da ɓarɓashin roba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta karce mahaɗin da ke cikin famfo. A naɗa farin zaren roba na toshe yoyo ta ɓangaren da noti ke juyawa, a ɗaure da hannu, a ƙarasa da sifana ba tare da tsanantawa ba.

Gwaji kafin rufewa

Wannan mataki ne da gaggawa ke sa a tsallake, shi ne kuma ke raba aikin ƙwarai da na asara. A toshe bakin gindin da marfin gwajinsa, a buɗe ruwa, a fitar da iska, a bar bututu cike ramin kuma a buɗe. Mai aikin famfo da ke da famfon gwaji zai tura ruwa ya kai ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da bututun za su yi aiki da shi, ya sa ido ko allura za ta sauka. Inda babu na'ura, a rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar kwantar da dare, a duba da safe. Idan ta motsa akwai yoyo. A kuma naɗa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa. A bar shi awa 24, domin a garuruwa da yawa ruwa ya fi ƙarfi cikin dare, lokacin ne mahaɗa mai rauni ke nuna kanta.

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 20 a rana. A wata ɗaya ya fi ganga uku, duk a ƙarƙashin gini.

Idan gwaji ya yi kyau, a ɗauki hoton ramin da waya, da ma'auni a gefe, a adana. Bayan shekaru, wanda zai huda daɓe zai san inda bututu suka bi. Sannan a rufe da rairayi, a daddaɓe a hankali, a zuba daɓe mai gangare santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana. A shafa maganin hana ruwa shiga a daɓen, a haura da shi jikin bango kamar taƙi ɗaya, a kuma kewaye gindin famfon da shi. Mai karo ya yanka rami daidai gindin. Gangar jikin famfon ita ce ta ƙarshe, bayan karo ya kama an gama fenti, a toshe kewayen marfinta da silikon.

Inda ruwan zai tafi

Lita 200 da ke fita cikin 'yan mintoci ba irin ruwan bokiti ba ne da ke bi ta ƙaramar kafa ya faɗa kwatami a bayan gida. Baho na bukatar bututun fita mai faɗin milimita 40 ko 50, mai gangaren kusan santimita biyu a kowace mita, da gwiwa mai riƙe ruwa a ƙarƙashinsa don hana wari da kyankyasai dawowa. A tanadi hanyar kai hannu ga wannan gwiwa, domin gashi da sabulu a nan suke taruwa.

Ruwan ya tafi ramin tsotsewa na kansa, mai rufi, cike da duwatsu, nesa da harsashin gini, kuma aƙalla mita 15 daga rijiya, 30 idan fili ya ba da dama. Kada a zuba shi a ramin salga, zai cika shi kafin lokaci. Kada kuma a sake shi titi: gologo gidan sauro ne, kuma shi ne sanadin faɗa da maƙwabta da tarar jami'an tsabta. A unguwannin da ke kusa da kwari da filayen noman rani na Ƙonni, inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina, rami mai faɗi marar zurfi ya fi mai zurfi aiki. Masu lambu a gida na iya karkatar da ruwan wanka ga itatuwa, ban da ganyen da ake ci ɗanye.

Ruwan zafi da lantarki

A bazara, ruwan tankin rufi kan yi zafi da kansa har a rasa na sanyi. Inuwa ko rumfa a kan tanki na maganin wannan. A Disamba da Janairu ne ake bukatar na'urar ɗumama ruwa. Mai lita 50 ba ta isar baho, sai mai 80 ko 100. Na'urar ɗumamawa da hasken rana ta dace da yankin, amma ruwanta kan yi zafi ƙwarai, kuma ruwa mai digiri 60 na ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta yara ma fiye da haka. A fara buɗe na sanyi, a ƙara na zafi.

Idan ta lantarki ce, dole a haɗa ta da wayar ƙasa, a sa mata makashin wuta mai yankewa da kansa idan wuta ta zube, na miliamfa 30, da bawul ɗin rage turi. Famfon ƙarfe da mutum ke riƙewa yana tsaye cikin ruwa ba wurin wasa da wuta mai ƙarfin bolt 220 ba ne. Kada a sa soket inda hannun mai wanka zai kai. Kada kuma a bar yaro shi kaɗai da baho mai ruwa ko na ɗan lokaci. Ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da ƙaramin yaro. A zubar da ruwan da zarar an gama.

Kulawa da alamun matsala

Duwatsun Adar na da farar ƙasa, ita ce ma ake haƙa a Malbaza a yi siminti. Inda ruwa ya ratsa irin wannan dutse yakan bar farin ɓawo a buta da bakin famfo. A kwance ragar bakin famfon da kan dush duk bayan wata biyu ko uku a jiƙa su a ruwan tsami na kanti ko na lemun tsami. Ba a goge jikin famfo da toka, rairayi ko soson ƙarfe. Ƙaramar matata a bayan kwantar tana tare rairayin da ke biyo ruwa bayan an ɗauke an maido.

Idan famfon ya fara girgiza, a ɗaga marfi a ƙara ɗaure noti nan da nan, domin motsi ne ke sassauta mahaɗa. Layin karo da ba ya bushewa, karon da ke ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa, farin gishiri ko laima a gindin bango, da takardar ruwa da ta hau ba dalili, duk alamun yoyon ƙasa ne. A rufe makullan nan biyu a sake gwajin kwantar. Idan ta tsaya, yoyon na makewayi ne.

Yarjejeniya da masu aiki

Aikin na mutum uku ne: mai famfo, magini da mai karo. Mafi yawan ɓarna na faruwa ne idan ɗaya ya zo ba ya san abin da ɗayan ya yi ba. A tara su rana ɗaya a gaban bahon a yi awo tare. A raba biyan kuɗi kashi-kashi, a riƙe wani kaso sai bayan gwajin awa 24, wani kuma sai an yi mako ana amfani da famfon. A sayi karo fiye da bukata a ajiye, domin samun irinsa bayan shekara biyu da wuya. Ɗan haya kuma kada ya fasa daɓe sai da rubutacciyar yardar mai gida da bayanin wanda zai ɗauki kuɗin.

Ga wanda ruwansa bai kai ba

Idan gwajin bokiti ya nuna ruwan gidan ba zai cika baho ba, dabarar ba ta faɗi ba. Ana iya tayar da bututu ɗaya daga daɓe, a sa shi cikin PVC mai faɗin milimita 100, a cika tsakaninsu da kankare da rodi ɗaya da ya kama gindi, a sa robine a tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, da wani a ƙasa don alwala, da dush na hannu idan ana so. Ruwa ya nisanci bangon laka, kuɗin bai kai kusa da na famfon kanti ba, kuma kowane mai aikin famfo a Ƙonni ko Illela zai iya gyara shi da kayan da ke kasuwa. Ƙa'idojin ba su sauya ba: makulli a waje, gindi a kan kankare, da kwana ɗaya na gwaji kafin a zuba siminti.